Zaren ulu na kasuwa da littafin da ba shi da bango

Tun da aka gama yankan hatsi na fara lissafin hunturu, don yara uku ne a gidan nan, kuma rigunan sanyin bara duk sun ɗage musu. Na gwanjo akwai, amma kafin ki samu wadda wuyanta ya yi daidai ba tare da ta kai wa yaro gwiwa ba, sai kin birkita dila guda. Shi ya sa bana na koma wa saƙar da na koya tun ina budurwa. Na shiga babbar kasuwar Maradi na sayo zaren ulu dunƙule 12, kowanne giram 50, da tsinken saƙa mai lamba 4. Yau wata uku ke nan ana sawa ana wankewa, ina ganin na samu bakin magana.

Sunan ulu ne kawai, ba gashin tunkiya ba ne. Na roba ne, wanda takardar jikinsa ta kira akirilik. Mai shagon bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Hajiya, na tunkiya ko na kawo wa zai saya? Ga tsada, ga ƙaiƙayi a jikin yaro." Gaskiyarsa.

A hannu yana da daɗin aiki. Yana zamewa a kan tsinke, ba ya rarrabewa, kuma in kika yi kuskure kika warware, ba ya lalacewa. Dunƙule huɗu suka yi wa autana mai shekara biyu riga, ɗaya ya isa hula da safar jaririyar maƙwabciyata. In na wanke da safe, kafin azahar ya bushe, asu kuma ba ya cin sa a cikin adaka. Wanda ya san sanyin asubar Janairu a garin nan, lokacin da iska ke tasowa daga wajen gulbi tana ratsa zane, ya san darajar rigar da yaro zai tafi lakwal da ita bai karkarwa.

Kuskuren farko nawa ne. Zaren shuɗi ya ƙare mini a hannun rigar babbar, na koma shagon na sayo kala ɗaya. Ashe akwai wata lamba ƙarama a takardar, ta tukunyar rinin da aka yi shi. Lambar ta bambanta, hannu ɗaya ya fi ɗaya duhu. A ɗaki ba a gani, amma da ta fito rana kowa sai ya tanka. Ki sayi abin da zai ishe ki a tashi ɗaya, ko da da ragowa.

Sauran laifin na zaren ne. Bayan wanki biyar ya fara ƴan ƙulle-ƙulle a hammata da ciki. Ƙura yana jan ta kamar ya kira ta. In ana tuɓe wa yaro da dare, sai ki ji ƙas-ƙas ki ga tartsatsi cikin duhu saboda bushewar iska. Na tsakiyar sai da ya yi kwana biyu yana cewa rigarsa da aljanu. Duk wannan mai sauƙi ne. Wuta ce abin tsoro. Wata asuba ina dama koko, yara sun zagaye murhu suna jin ɗumi, ɗan garwashi ya yi tsalle ya faɗa wa auta a hannun riga. Zaren bai ci wuta irin ta tsumma ba, narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Allah ya taimaka akwai wata riga a ciki, da a fata zai manne. Tun ranar duk mai rigar ulu ba ya matsowa kusa da murhu, kuma ko dutsen guga ba na bari ya taɓa ta.

Saƙa ba ta barin ido ya yi karatu, don haka babbar ce ke karanta mini da dare ina saƙa. Littafin daga adakar marigayi surukina ya fito, na Hausar boko, irin na zamanin karatun manya, bango da shafin farko duk gara ta cinye. Maganarsa ɗaya ce: gida ya ci da kansa. Gero da wake a gona ɗaya, ramin taki a bayan gida, akuya biyu, barkono da kuɓewa a gefen rijiya. Na gwada shawararsa ta ajiye wake cikin toka. Tiya uku na zuba a tulu, na cakuɗa da tokar da na tankaɗe, na liƙe baki. Da na buɗe, ƙwaro bai yi ɓarnar kirki ba. Sai dai tokar da ake bukata tana da yawa, ga wahalar bakace, wanda ke da buhu goma ya fi masa sauƙi ya nemi buhun nan mai leda biyu a ciki.

Inda muka rabu da shi a kan sharar gona ne. Ya ce a tumɓuke kowane kututture don garmar shanu ta wuce. Maigida ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan shawarar ce ta mayar da gonar Baba fili fetal." A nan jihar Maradi ne Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara aiki da manoma a shekarun 1980 kan barin kututture ya tofo, a zaɓi reshe mai ƙarfi a sassabe sauran, abin da muke kira sassabin zamani. Gonarmu yanzu da gawo a tsaye, yana zubar da ganye da damina, hatsin gindinsa ya fi na ko'ina.

Zaren zan sake saya, don manyan biyu, masu jin magana. Na auta kuwa, shafin auduga ne ya tsaya mini a rai, inda littafin ya ce a shuka kunya biyu a bakin gona don zaren gida. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa ta manne. Na tambayi surukata ko abawa za ta saƙu da tsinke. Ta dube ni ta ce, "Ke da ko mazari ba ki iya riƙewa ba?" Na ce, "Ai shi ya sa na zo, Inna." Ba ta amsa ba. Washegari na tarar da mazarinta da guntun alli a kan tabarmata, ta ce in nemo audugar.