Wata shida ina bin atisayen hannu na SPIN ta intanet

Shekara uku ke nan da likitan gaɓoɓi ya tabbatar mini cewa abin da ke ɗaure mini fata shi ne sikilerodama, cutar da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, har jiki ya riƙa tara sinadarin kolajin fiye da kima, fata ta yi tauri, wani lokaci kuma abin ya kai ga huhu da ƙoda da hanyar abinci. Ni tela ce, saboda haka ranar da na kasa riƙe almakashi ta fi ranar da aka faɗa mini sunan cutar tayar mini da hankali.

Ɗiyata ce ta gano mini shirin atisayen hannu na SPIN, wata haɗakar masu bincike da marasa lafiya da ke da cibiya a Monturiyal ta ƙasar Kanada. Shirin kyauta ne, kuma an raba shi gida huɗu: babban yatsa, lanƙwasa yatsu, miƙe su, da wuyan hannu. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne an yi la'akari da cewa hannuwa sun bambanta, domin akwai atisayen wanda cutar ta taɓa kaɗan, akwai na wanda yatsunsa suka riga suka ƙanƙame. Nakan jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi bayan sallar asuba, in jingina wayar da gwangwanin madara, in bi bidiyon a hankali. Ba zan ce na warke ba, domin cutar ba ta da maganin da ke kawar da ita, amma a wata na huɗu na sake zura zare a allurar keke da kaina.

Sai dai amfani da waya ga mai wannan cuta ba ƙaramin aiki ba ne. Da hunturu, idan jijiyoyin yatsu suka tsuke, abin da likitoci ke kira Raynaud, kan yatsana yakan yi sanyi ya mutu, ga kuma gyambon da ke fitowa a bakin farce, har sai na koma danna fuskar waya da gaɓar yatsa. Da Turanci na bi darussan, kuma ba don ɗiyata tana zama kusa da ni tana fassara mini ba, da na ajiye tun makon farko. Hotunan da ke yawo a intanet ma galibi na masu farar fata ne, inda yatsa ke yin fari, ya koma shuɗi, sannan ja, alhali a baƙar fata ba kasafai ake ganin haka sarai ba. Dabbare-dabbaren da suka fito mini a ƙirji kuwa, da yawa sun ɗauka wata cuta ce daban.

Wannan ne ya sa nake ganin iya tantance labari ya fi mallakar waya muhimmanci. A wani zauren marasa lafiya da na shiga, wata baiwar Allah ta ba da shawarar a riƙa shan prednisolone da yawa don rage kumburi, da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma da na tambayi likitana sai ya gargaɗe ni cewa yawan wannan magani yana iya jawo wa mai sikilerodama mummunan rikicin ƙoda, wanda hawan jini na farat ɗaya ke zama alamarsa. Tun daga ranar na sayi na'urar awon jini, ina rubuta sakamakon a littafin da nake rubuta awon kayan mutane.

Ina ba duk mai wannan lalura shawarar ya gwada shirin, bayan ya nuna wa likitansa, kuma ya nemi wanda zai zauna da shi a makonnin farko. Yanzu haka ina naɗa wa wata maƙwabciyata bayanin atisayen da murya cikin Hausa, domin ita ba ta karatu, kuma yatsunta sun fi nawa ƙanƙamewa.