Sharhi kan firizam mai mannewa na 3M Press-On ga masu gani biyu-biyu

A cututtukan gado da ke cin ƙaramar ƙwaƙwalwa, musamman SCA3 da ake kira ciwon Machado-Joseph, idanu kan ɗan karkata ciki, wajen hanci, idan mutum ya hangi nesa, sai abu ɗaya ya rabu biyu. Karkatar kuma ba ta tsayawa wuri guda, tana ƙaruwa da tafiyar ciwon. Shi ya sa na fifita wannan firizam, wato abin da ke kautar da haske don hotunan biyu su haɗe, a kan wanda ake sassaƙawa cikin gilashin tabarau: in awo ya canza, a ɓare a manna wani.

Ledar roba ce mai kaurin kamar milimita 1, gefe ɗaya sumul, ɗayan mai ƙananan layuka. Ƙarfinta daga dayofta 1 zuwa 40, kuma dayofta 1 na kautar da hoto santimita 1 a tazarar mita 1. Ana yanke ta daidai fasalin gilashin amma a rage kaɗan, don in ta taɓa firam bakinta zai ɗago, ƙura ta shige. Sai a wanke gilashin, a jiƙa, a manna gefen sumul ta ciki, a matse kumfar iska da yatsa daga tsakiya zuwa baki. Ga idon da ya karkata ciki, gindin firizam, wato gefen da layukan suka fi kauri, ɓangaren kunne yake kallo. In aka juya shi, hotunan biyu ƙara nisa za su yi. Ido ɗaya ake sa wa, wanda mutum bai fi dogara da shi ba.

Aibinta shi ne dusashe gani. Daga dayofta 10 zuwa sama rubutu yakan yi hazo, fitilu su yi jela da dare, kuma ga wanda tafiya ke ba wuya wannan ba ƙaramin abu ba ne, a fara gwada ta a zaune. Datti na maƙalewa a layukan. Ruwan ɗumi da buroshi mai laushi sun isa.

Ba ta hana rawar ido da ke sa duniya girgiza. Ba ta gyara jinkirin juya ido na SCA2, ɗan'uwan SCA3, ko kasa duban ƙasa da sauri na wani ciwon gado, Niemann-Pick nau'in C. Sai likitan ido ya auna karkatar, nesa da kusa, kafin a saya.