Motar hayar da ba sai ka mayar da ita ba: abin da na gani

Abu ɗaya ne ya ja ni ga wannan tsari: ka ɗauki mota a nan, ka ajiye ta can inda za ka, ka kulle ta da wayarka, ka kama gabanka. Ba direba, ba layi a ofishin haya. Rajista sau ɗaya ce, da lasisin tuƙi da katin banki, daga nan manhaja ke nuna maka motocin da ke kusa a taswira. Mai da inshora duk suna cikin kuɗin, lissafi kuma da minti ake yi.

Kamfanin Daimler ne ya fito da irin wannan haya da sunan car2go a garin Ulm na Jamus a 2008, BMW ya biyo baya da DriveNow a 2011, a 2019 suka haɗe suka zama Share Now. Wanda nake hawa wani kamfani ne daban, amma tsarin nasu ne sak.

Inda ya fi yi mini rana shi ne zuwa tashar jirgin ƙasa da kaya niƙi-niƙi. Na zuba jakunkuna a but, na isa, na sauke, ban sake tunanin motar ba. Da tawa ce, da kuɗin fakin na ta hauhawa har in dawo.

Sai dai lissafin mintin nan yana da sharri. In cunkoso ya rutsa da kai, kana zaune kuɗi na tafiya. Isowa ma ba ita ce gamawa ba, dole ka samu wurin da doka ta yarda a ajiye mota, kuma ya kasance cikin yankin da kamfanin ya shata. Ka tsallake layin nan na taswira ko da titi ɗaya, manhajar ba za ta bari ka rufe hayar ba. Na taɓa yin ta zagaye ina neman wuri har ribar da nake ganin na ci a kan tasi ta zurare.

Babbar damuwar kuwa a jinin tsarin take. Da safe kowa ya nufi tsakiyar gari, motoci su taru can, unguwanni su yi fayau, da yamma abin ya juya. Motar da ta kai ka, wani na iya ɗauke ta kafin ka fito. Kamfani sai ya biya ma'aikata su riƙa rarraba motocin, shi ya sa ban yi mamakin yadda riba ke wuya a harkar ba: Autolib', tsarin hayar motoci na Paris, ya tsaya a 2018 bayan asara, Share Now kuma ya fice daga Amurka da Kanada a 2020.

Kafin ka tayar da mota, zagaya ta ka ɗauki hoton duk wata lotsawa ko ƙarzuwa, kar a ɗora maka ɓarnar wani. Ni dai don gajeriyar tafiya da kaya, ko dawowa da dare bayan bas ya daina, ina hawa. Ranar da nake da alƙawarin da ba ya son latti, ba na dogara da ita.