Zaren firintar 3D mai garin ƙarfe: yana kama mayen ƙarfe, amma shi kansa ba maye ba ne

Masu firintar 3D a Kano sun fara odar wani zaren roba da ake tallarsa da sunan zare mai maganaɗisu, suna zaton za su buga mayen ƙarfe da kansu a shago. Zaren PLA ne, wato robar da aka fi bugawa da ita a firintar 3D, mai kaurin milimita 1.75 da aka cuɗa da garin baƙin ƙarfe. Ka kanga masa mayen ƙarfe, zai manne. Ka janye mayen, ko allura ba zai ɗauka ba. Baƙin ƙarfe zalla ba ya riƙe maganaɗisu, da an ɗauke abin da ke jansa sai ya koma yadda yake. Duk goga shi da za ka yi da mayen tsohuwar lasifika, aikin banza ne.

Mayen ƙarfe na dindindin da ake bugawa da firinta akwai shi, sai dai da wani gari daban: haɗin niyodimiyam, ƙarfe da boron, wato NdFeB. A 2016 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta buga irinsa da kashi 65 na garin, kashi 35 na nailan, a ma'aunin cika ba na nauyi ba. Kuma ko wannan a mace yake fitowa daga firinta. Sai an saka shi cikin naɗin wayar tagulla an sakar masa wutar da aka tara a kafasito (na'urar tara wutar lantarki) lokaci guda, ƙarfin maganaɗisun ya kai tesla 3 ko fiye (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kafin ya zama maye. Bayan duk wannan, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin mayen NdFeB mai lambar daraja N42 da ake gasawa a masana'anta ba, don roba ta cinye wurin gari. Ribarsa siffa ce: zobe, lanƙwasa, rami a ciki, ba tare da an sara an yi asarar gari mai tsada ba.

To, zaren da ke hannunmu fa? Yana buguwa lafiya a zafin digiri 200 zuwa 215, farantin da ake bugawa a kansa a 55 ko 60. Sai dai yana cin bakin firinta, wato inda narkakken zare ke fitowa. Bakin farar tagulla na milimita 0.4 da ke zuwa da yawancin injuna zai buɗe kafin ƙunshin zare ɗaya ya ƙare, layuka su fara kumbura. A sa bakin ƙarfe mai tauri na 0.6, a ƙara zafi da digiri 5 ko 10 tunda ƙarfe bai kai tagulla ɗaukar zafi ba, a kuma rage gudu. Zaren na da saurin karyewa, kada a bari ya lanƙwashe tsakanin ƙunshi da injin. Ya kuma fi PLA na yau da kullum nauyi, don haka giram 500 ba ya nisa.

Yanayin garin nan shi ne babban abokin gabarsa. PLA na fara laushi tun wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana cikin watan Afrilu tana iya kaiwa nan. Abin riƙe waya da aka buga da shi zai sunkuya a gaban mota. Da damina tsatsa ke hawa kansa, sai an fesa masa fenti ko banish. Masu kayan ado kuwa tsatsar suke nema, har da ruwan gishiri da binega suke jiƙa shi ya yi kamar tsohon ƙarfen maƙera, kuma gaskiya a nan yana da kyau.

Mai son abin da zai ja ƙarfe da gaske, ya sayi zaren robar PETG ko PLA marar garin ƙarfe da ƙananan mayen N35 ko N42, ko ya ciro na tsohon hard disk ɗin kwamfuta. A zana rami da ya fi mayen faɗi da milimita 0.2, a umarci injin ya tsaya a hawa na ƙarshe kafin rufin ramin, a ɗiga gam, a tura mayen, a ci gaba. A nan bakin farar tagulla ya fi, don na ƙarfe yakan fizgo mayen daga rami ya lalata aikin. A sa alama da maka a fuska ɗaya ta kowane maye kafin a binne shi. In aka juya ɗaya, murfi zai riƙa ture akwatinsa maimakon ya kama, kuma sai an fasa. Kada faranti ya wuce digiri 80, daga nan mayen N ke fara rasa ƙarfi ba ya dawowa. Rufin ya tsaya a hawa biyu ko uku na milimita 0.2, don ja yana raguwa sosai da ƙaramar tazara. A kuma jona injin a inbata, saboda in wuta ta ɗauke yana tsaye, faranti ya huce, aikin na iya ɓallewa daga kansa.