Shagon POS mai labule a Ɗorayi: inda ya yi kyau da inda ya rage masa

Matan guruf ɗinmu na masu sana'ar gida sun dame ni da tambaya: a ina nake cirar kuɗi, kuma wa ya saita mini waya har nake sayar wa mutanen Gusau da Katsina atamfa da leshi ina zaune a ɗakina. Duk wuri ɗaya ne. Wani ɗan shago ne a nan Ɗorayi, an fasa shi daga jikin gida, ciki kaɗan daga bakin titi, wata baiwar Allah ce ke riƙe da shi ita da ƙanwarta. Ban nemi izininta ba, don haka ba zan kama suna ba. 'Yan layinmu sun san inda nake nufi.

Shagon bai wuce ɗaki ɗaya ba. Ta wajen titi akwai taga mai ragar ƙarfe, nan maza da yara suke tsayawa. Ta gefe kuma ƙofa ce mai labule da benci biyu a ciki, wurin mata ke nan. Na'urar POS biyu gare ta, na kamfanoni daban-daban, sai kwamfuta da firinta, da sola a kan rufi. Ana cire kuɗi, ana turawa, ana sayen data da kati, ana biyan kuɗin wutar mita, ana duba sakamakon WAEC da NECO, ana buga takardar NIN, ana taya mutum buɗe asusu a waya. Rajistar JAMB ce ta ce ba ta yi, takan gaya wa iyaye su kai yaransu cibiyar da hukumar ta amince da ita. Wannan ya ƙara mata daraja a idona, domin ba kowa ke mayar da kuɗin da ya kawo kansa ba.

Wanda bai san zaman Kano ba zai ɗauka labulen nan ƙaramin abu ne. Ni a ganina shi ne rabin cinikin shagon. Matan aure da yawa ba za su tsaya a bakin titi cikin samari su miƙa wa namiji wayarsu ba, wayar da ke ɗauke da hotunansu da na 'ya'yansu da hirarsu da dangi. Wata ma maigidan ne ba zai yarda ba. Abin da aka saba shi ne a aiki yaro da kati da lambar sirri rubuce a takarda, ko a bar kuɗin sana'a yana shiga asusun miji ko na ƙani. Kowace mai sana'a ta san ƙarshen wannan: zubin adashi ya zo, kuɗinki yana hannun wani, ana ce miki sai gobe, kuma kunya ba za ta bar ki ki matsa ba. A bayan labulen nan mace tana zama, ta sauke goyo, ta yi tambayar da ba za ta iya yi a banki ba. Na ji wata dattijuwa ta tambaya ina kuɗinta zai tafi idan wayar ta mutu. Babu wanda ya yi dariya. Mai shagon ta matso kusa da ita ta ce, "Iya, kuɗinki ba a cikin wayar yake ba, yana banki. Ko wayar ta ɓace, za a dawo miki da layinki, ki tarar da abinki." Ranar tsohuwar ta yarda aka buɗe mata asusu.

Sai kuma harshe. Mafi yawan manhajojin kuɗi da Turanci suke magana, mu kuwa muna da mata masu tarin yawa da suka sauke Alƙur'ani, suna karanta ajami, suna lissafin ciniki da ka ba kuskure, amma boko bai zauna musu ba. Ba rashin basira ke hana su ba. Yadda mai shagon take koyarwa shi ne ta bar wayar a hannun mai ita, ta ce danna nan, sa lamba, tsaya ki ga sunan da ya fito, ki tambayi mai kuɗin ko sunansa ke nan kafin ki tura. A maimaita har hannu ya saba. Ni kaina cinikina kusan duka da saƙon murya nake yin sa a WhatsApp. Ita ta nuna mini in riƙa ɗaukar hoton atamfa da hantsi a inuwar tsakar gida don kalar ta fito yadda take, in rubuta kuɗin a jikin hoton, in sa a sitatus. Tun daga nan na huta da ƙorafin "ba wannan kalar na gani ba". Ko sisi ba ta karɓa a kan koyarwar ba.

Gaskiya ba sha'awar zamani ce ta kawo yawancinmu nan ba, dole ce. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, lokacin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin ba su wadata ba. Mutane suna kama layin ATM tun asuba, ana sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A wannan tsakanin ne mai kayan miya da mai shayi da ɗan adaidaita sahu suka fara rubuta lambar asusu a jikin kwali, sunayen OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin kowa. Da can idan zan shiga Kantin Kwari saro kaya, kuɗin a ƙarƙashin hijabi nake ƙulle shi, gabana yana faɗuwa har in isa. Yanzu tiransifa nake yi a gaban mai shago. A kwanakin ƙarancin kuɗin nan, lokacin da wasu masu POS suka tsuga caji son ransu, mai shagon namu ta ƙayyade abin da kowa zai cira don ya zagaya, ta kuma gaya wa mutane gaskiyar yadda ita ma take samo kuɗin da tsada. Matan unguwa ba su manta ba.

Nakan kwatanta wannan da eNaira, nairar cikin waya ta Babban Banki, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Oktoba 2021. A layinmu ban taɓa jin wadda ta ce in biya ta da ita ba, domin ba mu ga wani mutum a unguwa da za mu je gabansa idan abu ya cije ba. A Kenya kuwa, M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da ta fara a 2007, ta karɓu ne da 'yar ƙaramar waya mai madannai da wakilai zaune a ƙananan shaguna, mutum ya ba da takardar kuɗi a hannu, ya karɓa a hannu. Talaka yana son ya san fuskar wanda zai kama.

Kuma tsoron mutanenmu yana da tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. An yi MMM, tsarin zuba kuɗi mai alƙawarin riba mai yawa, da ya tsaya da kuɗin jama'a a Disamba 2016, an sake yin irinsa da CBEX a Afrilu 2025, ga masu kira kullum suna cewa daga banki suke, an toshe BVN, a karanto musu lambar da ta shigo. A bango mai shagon ta manna takarda da rubutun hannu, da boko da ajami, cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Ita ce kuma ta gaya mini kada in saki kaya don an turo mini hoton rasit ko na ga saƙon alat, sai na buɗe manhajar na ga kuɗin ya hau. Wani abu da na yaba: manhajojin nan suna yawan tallar bashi, ita kuwa ban taɓa jin ta tura kowa ga bashin ruwa ba. Masu gudun riba takan gaya musu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 har da reshe a nan Kano, su je su tambaya da kansu. Wannan damuwa ce ta gaske a wurinmu, duk mai son Kanawa su rungumi harkarsa sai ya amsa ta.

Wuta da sabis ba a hannun mai shagon suke ba, amma ta yi musu tanadi. Solar nan ta sa ko an kwana biyu babu wuta shagon yana aiki, kuma kina iya jona wayarki kina jiran layi. In na'ura ɗaya ta ƙi, ta gwada ɗayar. Akwai dai ranar da dabara ba ta yi. A watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse ta wajen gabar Afirka ta Yamma, harkar banki ta rikice a ƙasar nan. A Satumba 2021 da aka rufe sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, masu sayen kayana na Gusau suka yi makonni ban ji ɗuriyarsu ba. Shi ya sa ba na ganin laifin matar da har yanzu take ajiye 'yan kuɗi a gida. An taɓa cire mini kuɗi a asusu na'urar ta nuna bai tafi ba. Mai shagon ta ba ni rasit, ta rubuta sunana da ranar a littafinta, ta gaya mini abin da zan faɗa a bankina, ta riƙa tambayata har kuɗin ya dawo.

Caji kuwa daidai yake da na sauran wurare, naira 100 a kan 5,000, naira 200 a kan 10,000, ban da naira 50 ta gwamnati da ake cira a tiransifar da ta kai 10,000. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa banki da dawowa ya fi wannan, balle ɓata yini a layi. Abin da ke cin mai ƙaramar sana'a shi ne data, musamman bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025. Mai shagon ta nuna mini yadda zan hana wayata sauke bidiyon guruf-guruf da kanta, datata ta fara kaiwa ƙarshen wata. Wayar kanta ma jari ce. Ko ta hannu ce daga Farm Centre ko Beirut Road, sai mace ta ci adashi kafin ta mallaka. Ga kuma matsalar da shagon ba zai iya warwarewa ba: mata da yawa layinsu da sunan miji ko yaya aka yi masa rajista, ko sunan da ke NIN ya saɓa da na BVN. Tun umarnin haɗa layi da NIN na Disamba 2020 wannan yake hana wasu buɗe asusu. Iyakarta ta gaya musu ofishin da za su je da takardun da za su riƙe.

Inda nake da ƙorafi, na faɗa mata a gabanta. Ba a rubuta caji a bango ba, sai an tambaya, kuma baƙuwa tana iya zargin an ƙara mata. Tsabar kuɗi tana ƙarewa da wuri ranar Juma'a da gab da Sallah. Suna rufewa da magariba, alhali da dare ne masu saye suka fi turo kuɗi. Ɗakin yana da zafi a bazara, fanka ɗaya ba ta isa.

Wanda ya fi damuna shi ne idan layi ya yi tsawo, ƙanwar takan karɓi katin tsohuwa ta ce, "Hajiya, faɗo lambar in sa miki." Na san sauri take yi, ba cuta take nufi ba. Amma benci cike yake da kunnuwa, kuma wannan yana rushe abin da takardar bangon take koyarwa. Tsohuwar da ta saba faɗin lambarta a nan, gobe za ta faɗa wa mai kiran waya. Akwai kuma matan da suka daɗe suna zuwa amma har yau ba su iya tura ko naira ɗari da kansu ba, saboda an saba yi musu. Ina so ta ware safiya ɗaya a mako don koyarwa kawai, ko da za a riƙa biyan wani abu kaɗan. Ta ce tana tunani, matsalarta wanda zai riƙe taga a lokacin.

Wadda ke son buɗe asusu ko a saita mata waya, ta je da hantsi kafin azahar, lokacin babu cunkoso, ta riƙe takardar NIN da layin da ke da sunanta. Mai son cirar kuɗi mai yawa ta aika tun jiya a ajiye mata. Kuɗin saron dila-dila a Kwari kuwa ya fi ƙarfin shagon, wannan sai banki ko tiransifa kai tsaye. Kuma komai tsawon layi, ki karɓi na'urar ki sa lambarki da hannunki.