Leda ko shash: da wanne za a rufe ciyawar golf a sanyin Tabuk?

Tambaya: "Salam jama'a. Kafilina, maigidan da nake wa aiki a nan Saudiyya, yana da ƙaramin filin golf a gonarsa a bayan Tabuk, ciyawar najil ce, wadda Turawa ke kira Bermuda. Sanyi ya kawo kai. Leda zan saya in rufe, ko farin yadin nan da ake kira shash?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sayi shash na gona, mai nauyin giram 30 a kowace murabba'in mita. Shi nake shimfiɗawa, kuma idan ka ɗaga shi da hantsi ka ga ciyawa a bushe garau alhali gefenta ya yi fari fat da daskararriyar raɓa, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Abin da ke faruwa shi ne, da rana ƙasa tana shan zafi, da dare tana sakinsa. A daren da sama ta yi tas, babu gajimare babu iska, zafin yana tserewa da sauri har ganyen ciyawa ya fi iskar da ke samansa sanyi. Shi ya sa waya za ta nuna maka digiri 2 ko 3 amma ka wayi gari raɓa ta daskare. Shash yana tare wannan zafin a ƙasa, ya ƙara maka digiri biyu zuwa uku, kuma yana numfashi: tururi yana fita, haske da ruwa suna shiga. Ko ka makara ba ka kwashe shi ba, ko ya kwana biyu a wurin, ciyawa ba za ta dahu ba. Mai giram 17 ya fi arha, amma na kokwamba da kankana ne, iskar arewa tana yaga shi a mako guda.

Leda kuwa, ba zan ce ba ta da rana ba, amma ranarta ba a nan take ba. A Kanada da Norway ake amfani da ita, inda dusar ƙanƙara ke narkewa ta sake daskarewa ta zama faifai a kan ciyawa na tsawon makonni, numfashi ya gagara, wata ciyawar ba ta kai wata biyu a haka sai ta mutu. Can aikin leda hana ruwa shiga ne, kuma ko su sai sun sa wani abu a ƙarƙashinta don iska ta samu wuri. Mu dusarmu, ko ta kan dutsen Jabal Lauz na yankin Tabuk ce, ba ta daɗewa. A nan idan leda ta taɓa ganye, sanyi ratsawa yake yi kai tsaye, gumin da ya taru a cikinta ya daskare a kan ciyawar, rana tana fitowa kuma ta zama tukunya. Ga cutar ruɓa da damshin ke jawowa.

Ba duka filin za ka rufe ba, wannan ɓarnar kuɗi ce. Da'irar ramin kawai, inda ake aske ciyawa ƙasa-ƙasa, ita ce mai rauni. Ka shimfiɗa bayan la'asar tun ƙasa na da ɗumi. Inda yadi biyu suka haɗu ka ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 30, ka kafe baki da ƙusoshin waya masu lanƙwasa kowace mita ɗaya, ka danne kusurwoyi da buhunan yashi, musamman ta arewa. Kada ka ja shi ya yi tsamtsam, ɗan sakin nan shi ke riƙe iska. Daren da aka yi hasashen digiri 4 ƙasa da sifili, rufewa ta zama dole, domin a nan sanyi yake fara kai wa saiwa, a irin wannan daren ma ka ninka biyu.

Marba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, tana shiga ne wajen 7 ga Disamba, don haka kafin nan ka ɗaga injin aski kaɗan, ka daina zuba yuriya. Sabon toho mai laushi shi sanyi ke fara ci. Kada ka bar ƙasa ta bushe ƙayau, mai damshi ta fi riƙe zafi, amma ban ruwan da hantsi ko azahar za a yi, ka canja lokacin na'urar feshi kada ta tashi da asuba.

Babbar ɓarnar ma ba daga sama take zuwa ba, daga ƙafa take. Ciyawar da ta daskare, ruwan cikinta ya zama kamar gilashi, ana takawa take fashewa, bayan kwana biyu ko uku sawun ya fito baƙi. Ba mutum, ba keke, ba inji, sai ta narke. Ka faɗa wa kafilin wannan cikin ladabi tun yanzu, tun kafin baƙinsa su zo da sassafe ranar Juma'a. Ka kuma sanar da shi cewa najil tana yin barci idan ƙasa ta sauka ƙasa da digiri 10, ta koma launin kara ko an rufe ta. Ka ciro jijiya ɗaya ka karya, in cikinta fari ne da ƙarfi, tana raye.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke da kayan lambu. Wasu suna miƙa maka mai giram 17 su ce 30 ne, ido kuma ba ya rabewa. Sa a sikeli: nadi mai faɗin mita 3.2 da tsawon mita 100, in na 30 ne zai kai kilo 9.6 ban da kwalin tsakiya, na 17 bai wuce kilo 5 da rabi ba. Ka duba takardar jikinsa ko an yi masa maganin rana, wanda ba shi da shi yana zama gari kafin bazara. In mai shago ya hana aunawa, tura motarka gaba.