Hattara da jabun tsofaffin sulalla a gwanjon intanet

Jama'a, musamman masu sha'awar tara tsofaffin sulalla, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke buɗe sabon shafi a dandalin gwanjo, su ɗora hoton kwandala mai tsada, su ce a kayan gado suka tsince ta, wai ba su san darajarta ba. Wannan rashin sanin na ƙarya shi ne tarkon. Wani lokaci abokan cin mushensu ne ke ta tayawa, don kai ma ka ɗauka kayan na da masu so.

Dalar azurfa ta Amurka mai shekarar 1804, guda 16 kacal aka sani a duniya. Duk wanda ya tallata maka ita a farashin banza, jabu ce.

Hoto ba ya isa shaida, domin sau da yawa na wani suke sata. Ka ce a ɗora kwandalar a kan sikeli a ɗauko maka. Dalar Morgan (wata tsohuwar dalar azurfa ta Amurka) ta gaske giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne. Ka nemi hoton gefenta ma, saboda wadda aka zuba a mazubi takan bar layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka a fuska, rubutunta kuma ya fito a dushe. Azurfa da zinariya ba sa kama maganaɗisu, amma kada ka tsaya nan: ƙarfen tangistan nauyinsa kusan ɗaya da zinariya, ana shafe shi da ruwan zinariya ya tsallake sikeli.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwandalar gaske da aka yi wa kwaskwarima. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe saboda yaƙi na bukatar jan ƙarfe, 'yan ƙalilan ne suka fito da tagulla bisa kuskure, su ne masu tsadar. Sai mugu ya shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan tagulla. Wannan maganaɗisu na tona shi nan take. Wani kuma ya samu na 1948 ya goge rabin lambar 8 ta koma 3, wanda sai da gilashin ƙara girma za ka gane. Haka dalar Maria Theresa, kwandalar azurfa ta ƙasar Ostiriya: 1780 aka ci gaba da rubutawa a jikinta har a bugun zamanin nan, don haka shekarar ba ta nuna tsufa.

Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC kan rufe kwandala cikin gidan roba mai lamba. To, har gidan robar ana yin jabunsa, a kwafi lambar gaske a manna. Ka shigar da lambar a shafin kamfanin, in akwai hoto ka gwada shi da wanda aka nuna maka, tabo da tabo.

In mai sayarwa ya ce ku koma gefe ka tura kuɗi kai tsaye, ko ya ce ba a mayar da kaya, ka bar masa abinsa. Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya wanke ko ya goge kwandalar. Ya ɗauki hotonta, ya adana saƙonnin cinikin, ya shigar da ƙorafi a dandalin kafin wa'adin mayarwa ya cika.